Bishiyar Ƙarfe Ba Ta Inuwa: Fasahar Tunani da Alamomin Tunawa da Ɓarnar da Ɗan Adam Ya Yi wa Ƙasa

 

  

Da labarin wata bishiya zan fara. A cikin hamadar Tenere, a arewa maso gabashin Nijar, kan hanyar ayarin gishiri da ke tashi daga Agadas zuwa Bilma, an yi wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tal. Ba ta da 'yar'uwa gaba, ba ta da 'yar'uwa baya, har duniya ta san ta a matsayin bishiyar da ta fi kowace kaɗaici. Da aka haƙa rijiya kusa da ita, sai aka tarar saiwoyinta sun nutsa sama da mita 30 suna neman ruwa. Madugai sun riƙe ta da mutunci. Mutum na iya zuwa da sanyi a jikinsa, amma ba ya karya reshenta don hura wutar shayi, ba ya kuma barin raƙuminsa ya ci ganyenta. Haka ta rayu, ayari ya zo ya wuce, wani ya zo ya wuce, har shekarar 1973 da wata babbar mota ta banke ta ta kayar. Ku dubi faɗin wannan sahara, amma aka rasa abin da za a kara da shi sai ita. A ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara aka ɗauki gangar jikinta aka kai gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai. A gurbinta kuwa aka kafa wata bishiya ta ƙarfe.

Wannan bishiyar ƙarfe ita ce ƙofar maganarmu ta yau. Mutum ya kashe abu mai rai da hannunsa, sa'an nan ya dawo ya kafa alama don kada a manta. Tambayar da na zo da ita ita ce: mene ne amfanin irin wannan alama, kuma wace iri ce ta cancanci mu ɓata lokaci da dukiya a kanta?

Abin da ake nufi da fasahar tunani

Da yawa daga cikinmu in aka ambaci fasahar Turai, mutum-mutumi ne ke faɗo mana a rai, mu kuwa addini ya yi mana tarbiyyar nisantar sassaƙa surar mai rai. Ku kwantar da hankali. A duk ayyukan da zan ambata babu gunki ko ɗaya. Ƙanƙara ce, da alkama, da dutse, da ƙarfe, da itatuwa.

A shekarun 1960 wasu masu fasaha a Amurka da Turai suka fara cewa darajar aiki tana cikin tunanin da ya haife shi, fiye da kyan abin da hannu ya ƙera. Wani Ba'amurke mai suna Sol LeWitt ya shimfiɗa wannan ra'ayi a wata maƙala a 1967. Shi ne nake kira fasahar tunani. Bahaushe ba baƙon wannan ba ne. In aka aiko maka da goro ana gab da ɗaurin aure, ba ka tsayawa duba kyan goron, domin ka san saƙo ne, kuma ka san ya ɗora maka nauyin halarta. In direba ya jera ganye a kan kwalta, kowa ya gane akwai hatsari a gaba. Goron goro ne, ganyen ganye ne, amma wurin da aka ajiye su da lokacin da aka ajiye su sun sa suna magana. Mai fasahar tunani haka yake aiki: ya ɗauki abin da kowa ya sani ya ajiye shi inda zai tayar da hankali.

Alamomin tunawa kuwa, tun fil azal ana kafa su ne don nuna bajinta. Sarki ya ci yaƙi, a gina hasumiya. Ƙasa ta sami 'yanci, a kafa ginshiƙi. Abin da ya bambanta na zamaninmu shi ne an fara kafa alamomin da ke shaida laifin masu kafa su.

Ta'aziyyar dutsen ƙanƙara

A ƙasar Ayislan, can arewacin Tekun Atlantika, akwai wani tsauni da ake kira Ok. Ɗaruruwan shekaru ƙanƙara ta lulluɓe kansa, mai kauri, mai nauyin da ke sa ta riƙa jan jiki ƙasa sannu a hankali kamar kogin da ya daskare. Wajen 1890 faɗinta ya kai murabba'in kilomita 16. Zuwa 2012 bai kai ɗaya ba. A 2014 wani masanin ƙanƙara na ƙasar, Oddur Sigurdsson, ya hau ya duba, ya ga ta yi sirantar da ba ta iya motsi, sai ya bayyana cewa ta mutu.

A ranar 18 ga Agusta, 2019, mutane wajen 100 suka taka da ƙafa zuwa kan tsaunin, cikinsu har da firaministar ƙasar ta lokacin, Katrin Jakobsdottir, da tsohuwar shugabar Ayalan, Mary Robinson. Wasu malamai biyu na Jami'ar Rice da ke Amurka, Cymene Howe da Dominic Boyer, su suka kawo shawarar, marubuci Andri Snaer Magnason kuma ya tsara kalmomin. Suka manna ɗan allon ƙarfe a jikin dutse. Rubutun da ke kai wasiƙa ce zuwa ga waɗanda ba a haifa ba. Ma'anarta a taƙaice: wannan ce ƙanƙarar farko da muka rasa, ana sa ran sauran za su bi ta cikin shekara 200, mun san abin da ke faruwa, mun san abin da ya kamata a yi, hukuncin ko mun yi yana hannun mai karatu. A ƙasan rubutun aka sa lamba 415. Wannan shi ne yawan iskar kabon a cikin kowane kashi miliyan na iskar duniya a wannan shekara. Kafin zamanin masana'antu, lambar tana wajen 280. Yau ta haura 420.

Abin da ya fi taɓa ni a wannan allo shi ne ya toshe hanyar uzuri. Kakanninmu da suka sare daji suna iya cewa ba su san abin da zai biyo baya ba. Mu wannan ƙofa ta rufe mana, kuma masu allon sun rubuta hakan da hannunsu a kan ƙarfe.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Katsina ko Damagaram da ƙanƙarar da bai taɓa gani ba? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Iskar da ta narkar da Ok ita ce ke yawo a kanmu. Mu ma muna da namu rashin. A farkon shekarun 1960 Tafkin Cadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980, bayan farin 1973 da na 1984, kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan ya janye. Ya ɗan farfaɗo daga baya, amma dattijan masunta na Baga sun san inda bakin ruwa yake a ƙuruciyarsu, sun kuma san inda yake yanzu. Babu allon da aka kafa a wancan tsohon bakin ruwa.

Gani ya kori ji

Wasu masu fasaha sun lura cewa lambobi ba sa shiga zuciya. Kana iya gaya wa mutum cewa tan biliyan kaza na ƙanƙara na narkewa kowace shekara, ya gyaɗa kai ya ci gaba da shan shayinsa. Shi ya sa Olafur Eliasson, tare da masanin duwatsu Minik Rosing, suka tsamo manyan curin ƙanƙara daga tekun da ke kusa da birnin Nuuk na Girinlan, waɗanda suka riga suka ɓalle daga uwarsu. Suka jera guda 12 a da'ira kamar fuskar agogo a dandalin birnin Kopenhagen a 2014. Suka maimaita a Faris a 2015, daidai lokacin babban taron duniya kan sauyin yanayi, sa'an nan a Landan a 2018 da guda 30. Jama'a suka zo suna taɓawa, suna kara kunne suna jin ƙarar kumfar iskar da ta daɗe a kulle tana fashewa, ruwa na zuba a kan takalmansu. Cikin kwanaki kaɗan dandalin ya koma fili.

Tun kafin wannan, a 1982, wata mai fasaha 'yar asalin Hungari, Agnes Denes, ta sami eka 2 na juji a ƙarshen tsibirin Manhattan na birnin Niyu Yok, 'yan taku kaɗan daga kasuwar hannun jari ta Wall Street. Aka kawo ƙasa mota 200, ita da masu taya ta suka tsince duwatsu da shara da hannu, suka ja kunya, suka shuka alkama. Wata huɗu suna ban ruwa da cire ciyawa. A watan Agusta suka girbe abin da ya ɗan haura kilo 450, wato buhu huɗu da rabi. An ƙiyasta kuɗin filin a lokacin da dala biliyan 4.5. Buhu huɗu da rabi a kan filin biliyoyi, a gaban dogayen benayen da ake sayar da hatsin duniya a takarda. Manomin da ke sauraro ba ya bukatar a fassara masa wannan.

A Nijeriya ma akwai abin ambato. Sokari Douglas Camp, 'yar Kalabari mazauniyar Landan, ta ƙera motar bas ta ƙarfe a 2006, da gangunan mai a kanta, don tunawa da Ken Saro-Wiwa da 'yan'uwansa takwas na Ogoni da aka rataye a ranar 10 ga Nuwamba, 1995, bayan gwagwarmayarsu kan malalar mai a ƙasarsu. Sai kuma El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a Jami'ar Nsukka tun daga 1975, wanda ke tattara murafun kwalabe da aka zubar, a daddaƙe su, a ɗinke da wayar tagulla, su zama wani ƙaton mayafi mai walƙiya da ke rufe bango sukutum. Daga nesa ka ce alkyabbar sarki ce. In ka matso sai ka ga sharar da muka watsar.

Ƙorafin da ya kamata a saurara

Akwai masu suka, kuma maganarsu na da nauyi. Sun ce jirgin ruwa da motocin sanyi da suka kai ƙanƙara Faris da Landan su ma hayaƙi suka fitar. Sun ce mutum na iya zuwa ya taɓa, ya ɗauki hoto, ya yi jimami, ya koma gida bai canza komai ba, har ma ya ji kamar ya sauke nauyi. Sun kuma ce mafi yawan waɗannan ayyuka a biranen masu kuɗi ake yin su, alhali nahiyar Afirka, wadda abin da take fitarwa na iskar kabon bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, tana cikin waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Na yarda da wannan suka gwargwadon haka: ta'aziyya wajibi ce, amma wanda ya yi gaisuwa ya tafi bai kai wanda ya tsaya ya riƙe marayu ba. Alamar da aikinta ya ƙare a kan sa mutum baƙin ciki ta yi rabin aiki ne. Akwai wasu da suka wuce nan, kuma a kansu nake so mu ɗan daɗe.

Alamomin da ke ɗora amana

Birnin Kassel na Jamus ya sha ruwan bama-bamai a 1943, aka sake gina shi da kankare da kwalta. A 1982 aka gayyaci mai fasaha Joseph Beuys zuwa babban baje kolin fasaha da ake yi a birnin duk bayan shekara biyar. Sai ya sa aka jibge baƙaƙen duwatsu 7000, kowanne ya kai ƙugun mutum, a dandalin da ke tsakiyar gari. Ya kafa sharaɗi ɗaya: ba a ɗauke dutse daga tulin sai an dasa bishiya a wani wuri cikin birnin, a kafa dutsen a gefenta. Mutanen gari da yawa suka fusata, suna ganin an ɓata musu dandali. Amma hanyar kawar da tulin ɗaya ce, wato dashe. Makarantu suka shiga, unguwanni suka shiga, masu hali suka biya kuɗin itace, tulin ya dinga raguwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Beuys ya rasu a Janairun 1986 aikin bai ƙare ba. Ɗansa ne ya dasa bishiya ta 7000 a 1987, kusa da ta farko.

Ku lura da hikimar haɗa dutse da itace. Ranar dashe dutsen ya fi dashen kwarjini. Bayan shekara goma itacen ya kere shi. Yau duwatsun sun zama 'yan ƙanana a gindin manyan itatuwa. Dutsen ba ya girma, don haka ya zama ma'aunin da duk mai wucewa zai gane da shi ko an riƙe amanar bishiyar ko an yi sakaci.

Agnes Denes mai gonar alkama ta yi makamancin wannan a Finlan. A wani tsohon ramin haƙar tsakuwa kusa da garin Ylojarvi aka tara tudu, aka dasa itatuwa 11,000 bisa wani tsari na lissafi, aka buɗe shi a 1996. An ba masu dashen takardar shaidar riƙo wadda ake gadonta, aka kuma yi alkawarin kare wurin har shekara 400.

Na ƙarshe shi ne wanda Katie Paterson, 'yar Sikotlan, ta fara a 2014 a wani daji kusa da Oslo, babban birnin Nowe. An dasa itatuwa 1000. Kowace shekara ana zaɓen marubuci ɗaya ya rubuta littafi ya miƙa, a kulle a wani ɗaki na musamman a laburaren birnin, ba mai karantawa. Margaret Atwood ta Kanada ce ta fara. Tsitsi Dangarembga ta Zimbabuwe tana cikin waɗanda suka bayar. Sai a 2114 za a sare itatuwan, a yi takarda da su, a buga littattafan 100. Duk wanda ya fara wannan aiki ba zai ga ƙarshensa ba. Kafin ya cika, dole a sami mutanen da za su tsare dajin daga gobara da gatari zuriya bayan zuriya, dole kuma a sami masu karatu a 2114. Musulmi ya san wannan tunani tun daga makarantar allo. Shi ne sadaka mai gudana, kuma hadisi ya kwaɗaitar da mu dasa ɗan itacen da ke hannunmu ko da mun ga alƙiyama na shirin tsayawa.

Mu dawo gida

Ku saurari sunayen unguwanninmu. A Kano akwai Giginyu, akwai Kurna, akwai Ɗorayi, akwai Kasuwar Rimi. A Kaduna akwai Unguwar Rimi. A Borno akwai Kukawa. Kullum muna kiran waɗannan sunaye a bakin tasha ba tare da mun ji abin da suke faɗa ba. Ina roƙon ɗaliban da ke nan, wanda ya fito daga unguwa mai sunan itace ya zaga ya ƙirga nawa suka rage, ya tambayi dattijan wurin nawa suka tarar. Abin da zai samu shi ne allon Ok na unguwarsu, an daɗe da rubuta shi a harshenmu.

Alamar da ta fi duk waɗanda na ambata girma kuwa, manoma ne suka kafa ta, mafi yawansu Hausawa. A shekarun 1980, a yankin Maraɗi, manoma tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, suka lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Maimakon a share tohon duka, sai a zaɓi masu ƙarfi a bari, a rage sauran, a kare su daga dabba da wuta. Suka kira abin sassaben zamani. Daga gona zuwa gona ya bazu har Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. Da yawansu gawo ne, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, ya yi ganye da rani ya ba dabba abinci da inuwa. Babu wanda ya kira su masu fasaha, amma tunanin da Beuys ya nuna da itace 7000 shi suka aikata da miliyoyi.

Saboda haka ga abin da nake ba da shawara, musamman ga matasanmu masu zane da gini da rubutu. Mu ma mu kafa alamominmu, domin rashin da ba a ambata ba saurin mantuwa gare shi. A sa alama a inda ruwan tafki ya taɓa kaiwa. A sa a inda kurmi ya taɓa kasancewa a bayan gari. Amma kowace alama a haɗa ta da abu mai rai da sunan wanda zai kula da shi. Mun sha ganin bikin dashen itatuwa da ake yi da manyan baƙi da masu ɗaukar hoto, bayan wata uku awaki sun cinye, ba wanda za a tambaya. In makaranta za ta dasa, kowane itace ya sami ajin da ke ba shi ruwa, aji mai fita ya miƙa wa mai shigowa a gaban jama'a. In unguwa ce, a kafa dutse a gefen dashen, a rubuta shekara, yadda jikokinmu za su auna mu da shi.

Har yanzu bishiyar ƙarfe na tsaye a Tenere. Tana nuna wa matafiyi hanya, tana kuma gaya masa abin da aka yi a wurin, wannan ma aiki ne da ya cancanci godiya. Sai dai wanda rana ta buga, in ya isa gindinta, ba zai sami inda zai fake ba. Madugan da suka hana kansu reshe ɗaya a daren sanyi su ne suka sa ayarin da ke bayansu ya tarar da ita a raye. Allah Ya ba mu irin haƙurinsu, Ya sa waɗanda za su zo bayanmu su tarar da inuwar da muka bari.